Wace Kyauta Za Ka Saya wa Yaron da Hannunsa Ba Ya Zama?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka.

Kun ga wannan akwatin kayan zanen? Da ƙaramar Sallar bara na saya wa 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara 11 da ba ta da aiki sai zane. Bangon littafinta zane, bayan kalanda zane, har takardar kuɗin wuta ba ta tsira ba. Na shiga wani shago na hango shi yana ɗaukar ido, an jera kaloli reras kamar kayan lefe, har da mariƙi irin na jakar ma'aikacin banki. Na biya na fito ina jin na gama burgewa. Bayan sati 2 na leƙa gidan, sai ga akwati a saman sif ya fara tara ƙura. Na ce, ina zanen da aka yi mini? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ai kalar ba ta kamawa." Na karɓa na gwada da hannuna. Rabin alƙaluman kalar da ake kira maka sun bushe tun a shago. Fensiran kala kana fiƙewa suna karyewa, sai ka cinye rabin fensir ba ka samu baki ba. Fentin kuwa kamar an jiƙa alli. Ashe tuni yarinya ta koma wa shuɗin bironta, kunya ce ta hana ta faɗa mini.

To, yau kan wannan za mu tattauna: yaro ko yarinya tsakanin shekara 9 zuwa 12 mai son zane da aikin hannu, me za ka riƙo masa in Sallah ta zo, ko ya yi sauka, ko ya gama firamare, ko kawai tsaraba?

Ka fara sanin cewa wannan shekarun suna da wuyar sha'ani. Ɗan shekara 5 in ya zana kaza mai ƙafa huɗu, murna zai yi ya kai wa kowa ya gani. Ɗan shekara 11 idonsa ya buɗe. Ya san yadda doki yake, ya ga hawan Daushe, yana so nasa dokin ya fito kamar na gaske, kuma hannunsa bai kai inda idonsa ya kai ba. A nan ne yara da yawa suke cewa "ni ban iya ba", su ajiye, su ajiye ke nan. In ka haɗa shi da kayan da ba sa aiki, ba zai ce kaya ne ba su da kyau ba, kansa zai ɗora wa laifi. Shi ya sa kayan wasa ba nasa ba ne yanzu. Kayan aiki na gaske yake so, ko da kaɗan ne.

Kafin ka taka ƙafa zuwa kasuwa, je ka gidan ka duba abin da hannun yaron yake yi in ba wanda ya sa shi. Kada ka tambaye shi me yake so, don ɗan Bahaushe zai ce maka "ko ma mene ne, Baffa". Tambayi mahaifiyarsa abin da ta fi yi masa faɗa a kai. In ta ce ya gama mata da bango, mai zane ne. In ta ce kullum almakashinta a hannun yarinyar yake, ta yayyanka mata ɗankwali tana yi wa 'yar tsana riga, wannan mai zare da allura ce. In ta ce ya mayar mata da tsakar gida bola, gwangwanin madara da murafen lemo da tsohon silifas, to maƙeri ne ke tasowa. Faɗan uwa ya fi kowane mai shago sanin abin da za ka saya.

Mu fara da mai zane, don a nan aka fi yin asarar kuɗi.

Ku dubi jikin wannan fensir, za ku ga an rubuta HB. Shi ne na makaranta. Harafin H yana nufin tauri, B kuma laushi da baƙi, kuma duk yadda lambar da ke gaban B ta ƙaru, haka baƙin yake ƙaruwa. Ga layin HB, ga na 2B, ga na 6B. Kun ga bambanci? Da 6B yaro zai iya fitar da inuwar da ke ƙarƙashin rawani, ko duhun cikin zaure, abin da zai yi ta dirzawa da HB har takarda ta ɓule bai samu ba. Fensir 3 kacal, HB da 2B da 6B, da magogi mai laushi wanda ba ya barin baƙi, da abin fiƙewa na ƙarfe. Wallahi wannan ɗan ƙunshin ya fi akwatina amfani.

Sai takarda, wadda kusan kowa yake mantawa da ita. Farar takardar da ake buga rubutu a kanta nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita. Ta isa fensir, amma da ruwa ya taɓa ta sai ta kumbura ta yamutse. Littafin zane mai takarda giram 120 zuwa 160 ya wadatar da fensir da maka. In fentin ruwa za a yi da gaske, ana neman wajen giram 300, mai kauri kamar kwali. Lambar tana jikin bango, ka duba. In ba a rubuta ba, ɗaga shafi ɗaya a haske, in kana hango yatsunka ta baya, ajiye masa abinsa. Shagunan littattafai da kayan rubutu na Sabon Garin Kano ne wurin da zan fara nema. Kuma ka ce a buɗe maka ka gwada, ba kunya a ciniki.

Batun fenti kuwa, kada yawan kaloli ya ruɗe ka. Ja, shuɗi, rawaya, fari da baƙi, in masu kyau ne, sun isa. Shuɗi da rawaya su ba shi kore, ja da rawaya su ba shi ruwan lemo, ja da shuɗi su ba shi shunayya. Ranar da yaro ya gano da kansa cewa ɗigon ja a cikin kore yana ba shi launin ƙasa irin na ganuwa, ranar ya koyi abin da kala 48 ba za su koya masa ba. Fentin ruwa da fosta kala suna wankuwa, su ne na mai farawa. Akirilik yana da kyau, yana kama kwali da katako da ƙwarya da yadi, amma in ya bushe ruwa ba ya fitar da shi, ko a riga ko a burushi. Kuma da hunturu, iskar Kano kafin ka waiwaya ta busar da shi. In za ka sayi akirilik, haɗa da tsohuwar rigarka ka ce ta aiki ce, in ba haka ba kai da matar gidan za ku yi shari'a kan kayan Sallah. Kireyon ma ku bar wa ƙanana. Ɗan shekara 11 yana ganin raini ne, ga shi kaki ne, a zafin watan Afrilu da Kano ke haura digiri 40 in aka manta shi a mota ko bakin taga sai ya yi laushi ya lanƙwashe.

Wani abu da za a yi la'akari da shi: akwai gidajen da ba sa son a zana mai rai. Ka san gidan da za ka kai kyautarka. Ba a rasa abin zanawa ba. Akwai dagi, akwai aska takwas ta gaban babbar riga, akwai zanen da magina ke yi a fuskar soro, irin wanda za ka gani a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Duk wannan rula ne da kamfas da haƙuri. Yaron da ya kusa sauka kuwa, yana kallon allon zayyana yana haɗiyar yawu, saya masa sabon allo da alƙalami da tawada, da 'yan kaloli ja da kore da rawaya, ka ga abin mamaki.

Yarinya mai zare da allura ba ta da wahalar sayayya. Kwarashi mai kauri milimita 4 ko 5, da ulu mai haske curi 2 ko 3. Na ce mai haske, don a baƙin zare mai koyo ba ta ganin idon saƙar, sai ta yi ta ɓata tana warwarewa har ta gaji. Sai almakashi nata na kanta, mai kaifi, a ɗaura masa jan zare a san nata ne. Ƙyallaye kuma ba sai ka saya ba. Je ka wurin telanka ka ce ya tara maka ragowar atamfa da shadda da yake sharewa. In kana son ƙari, 'yan Kantin Kwari ba sa rasa guntayen yadi. Duwatsun ado da tsakiya na yin abin hannu da sarƙa, a Kurmi za ka same su. Kuma kada a ce allura ta mata ce kawai. A garin nan maza ne suka shahara da aikin babbar riga, kuma suna ɗinkin hula. In namiji ya nuna sha'awa, a ba shi.

Shi kuma maƙerin gwangwani, mai motar kara da motar langa-langa, shi aka fi zalunta da kyauta. Sai a saya masa motar roba mai batir, alhali shi daɗinsa a ƙerawa yake. Kwana 2 zai kwance ta ya ciro injin, a ce ya cika ɓarna. To ba shi injin tun farko. Ƙaramin inji irin na cikin motar wasa, batir, 'yar waya, ƙananan fitilu, farin gam irin na kafintoci, rular ƙarfe, ƙaramar filaya, da kwalaye masu kauri. Masu gyaran rediyo suna da irin waɗannan tarkacen.

A nan zan ɗan ja kunne. Gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda ke manne yatsu, ba na yara ba ne, balle ya fantsama a ido. Bindigar gam mai aiki da wuta tana narkar da gam da zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa, sai da babba a kusa. Reza tsirara kada ta shiga cikin kyauta. Rinin zamani da ake haɗawa da soda mai cin hannu, shi ma a bar wa manya. Yarinya mai son zanen ƙunshi, saya mata jan lalle na ganye ta yi ta koyo, ko ta fara a takarda da ta zana tafin hannunta a kai. Baƙin nan da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yana iya tayar wa fata ƙuraje da ƙuna, wani tabon ya daɗe bai tafi ba.

Akwai kuma kyautar da ba a naɗewa a leda, kuma ni a wurina ita ce gaba. Ɗauki yaron ranar Asabar ku tafi marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta tun 1498. Ku tsaya bakin karofi ya ga yadda ake haɗa baba da toka a bar su su yi kwanaki suna tsima. Ya ga marini ya tsoma farin yadi ya ɗago, yadin ya fito kore-kore, yana shan iska yana rikiɗa shuɗi a gaban idonsa. Ba sihiri ba ne, iska ce ke haɗuwa da baban ta juya launin, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagowa sau da yawa har ya yi duhun da ake so. Ya ga yadda aka ƙulle yadi da zare tun a gida, in an kwance sai zane ya bayyana inda rini bai shiga ba. Ku leƙa wurin masu bugu, ya ji yadda suke sauke gudumar katako a kan yadi har ya yi sheƙi. Kafin ku je, ba shi farin hankici ko tsohuwar farar riga ya ƙulle da kansa, ku roƙi a tsoma masa, ku biya. Daga nan ku gangara Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya ga dukawa da jakunkuna da titimi na jar fata, ya ga ƙwarya da aka yi wa zane da wuƙa, da faifan da aka saƙa da launi. Yaron da kullum ake ce wa yana ɓata takarda, ya ga dattijo mai furfura yana ci da iyalinsa da irin wannan aikin.

In akwai mai sana'a a unguwa da kuka yarda da shi, tela ko mai saƙa ko mai rubuta allon shago, ku nemi ya riƙa karɓar yaron awa 1 ko 2 a lokacin hutu, da sanin iyayensa, kuma a inda ido ke gani.

Abu na ƙarshe, kuma kada ku raina shi: wurin ajiya. Gidanmu na Hausa gidan yawa ne. Ka kawo kaya da yamma, kafin isha ƙanne sun raba gado, burushi yana bakin rariya, murfin maka yana bakin mai rarrafe. Duwatsun ado ma hatsari ne, ƙaramin yaro yana iya haɗiyewa ko ya cusa a hanci. Don haka ka haɗa da ƙaramin akwatin ƙarfe ko na katako mai kwaɗo, ka damƙa wa mai kayan makulli a hannunsa. Ƙannen kuma ka riƙo musu alli ko kireyon nasu, a zauna lafiya. Sannan ka faɗa a gaban kowa cewa in takarda ta ƙare a gaya maka. Yara da yawa suna ɓoye littafin zane mai kyau ba sa taɓawa, wai kada ya ƙare.

Ita 'yar ƙanwar tawa, da babbar Sallah na gyara kuskurena. Fensir 3, littafin zane 1, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ga abin da ta aiko mini da shi a makon jiya, ku matso ku gani: Ƙofar Nassarawa ce, da ɗan sahu yana shigewa ta ƙarƙashinta. Tayar gaba ta ɗan karkace, ita ma ta sani, ta ce za ta sake. A bayan takardar kuma ta rubuta, "Kawu, saura shafi 4."