Ankwa ɗaya, maƙiya biyu: dabarar da ke hana jaruman labari rabuwa

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu duba wata tsohuwar dabara ta masu tsara labari: a ɗauko mutum biyu da ba sa ga maciji da juna, a haɗa su da ankwa ɗaya ko sarƙa ɗaya, a ɓatar da makulli, sannan a saki 'yan sanda su bi bayansu.

Abin da ya sa marubuta ke ƙaunar dabarar shi ne, duk mai rubuta rigima yana fama da matsala guda. A rayuwa, in mutum ya ishe ka, tashi kake yi ka ba shi wuri, magana ta mutu. A labari kuwa, in jarumi ya tashi ya kama gabansa, shi ke nan, babu sauran abin kallo. Sarƙa ce ke toshe wannan hanyar. Dole uwar na ƙi. Daga nan kowane ƙaramin abu sai an yi ciniki a kansa: wa zai kwanta, wa zai yi gadi, gabas za a nufa ko yamma, har zagayawa bayan gida sai da yardar abokin gaba. Ba a ma buƙatar dogon surutu. Wannan ya ja hagu, wancan ya ja dama, ƙarfe ya ci wuyan hannu, mai kallo ya gane komai.

A 1935, darakta Alfred Hitchcock ya yi amfani da ita a fim ɗinsa The 39 Steps. Robert Donat ya fito a mutumin da ake zargi da kisan da bai yi ba, Madeleine Carroll kuma matar da ta tabbata a ranta shi ne makashin. Aka ɗaure su da ankwa, suka tsere cikin dare a ƙasar Sikotilan, suka sauka a wani masauki a matsayin mata da miji. Ku kalli inda take ƙoƙarin cire jiƙaƙƙiyar safarta, hannunsa na bin nata duk inda ya je. Da ya yi barci, ta zare hannunta daga ankwar za ta gudu, sai ta ji hirar miyagun da ke farautarsa, ta gane gaskiya ya faɗa mata. Ta koma ɗakin da ƙafarta. Ku riƙe wannan komawar, don nan ne zuciyar dabarar take.

Fim ɗin da ya zama abin misali a wannan fage shi ne The Defiant Ones na Stanley Kramer, wanda ya fito a 1958, lokacin da wariyar launin fata ke da gindin zama a kudancin Amurka. Motar fursunoni ta yi haɗari da dare, mutum biyu suka tsere da sarƙa a tsakaninsu: Tony Curtis a matsayin Joker, farar fata mai ƙin baƙaƙe, da Sidney Poitier a matsayin Cullen, baƙar fata mai cike da fushin wulaƙancin da ya sha. Joker kudu yake so, Cullen kuwa ya san abin da ke jiransa a can, arewa yake hari. Akwai wajen da na fi so. Suna tsallaka kogi ruwa ya kwashe su, da suka kai gaɓa Cullen ya yi godiya, sai Joker ya nuna masa ba ceto ya yi ba, kansa ya hana a ja cikin ruwa. Wannan ita ce gaskiyar matakin farko: taimako ne na tilas, babu ɗigon ƙauna a ciki. Marubucin da ya yi gaggawar mai da su aminai a nan ya ɓata aikinsa.

Can gaba suka isa gidan wata mata farar fata, aka tsinke sarƙar. Matar tana son gudu da Joker, sai ta nuna wa Cullen hanyar da ta san fadama ce mai haɗiye mutum. Da Joker ya gano haka, ga mota, ga mace, ga 'yanci a gabansa, sai ya bar su duka ya bi sawun Cullen, da harbin bindiga a jikinsa. Duk wahalar da aka sha a baya an sha ta ne don a gina wannan lokacin. Muddin ƙarfe na hannunsu, ba mu da hanyar sanin abin da ke ransu, tunda ba su da zaɓi. Sai an kwance su ne muke ganin wanda ya canza.

Wani lokaci kuma ba a kwancewa sam. A Greed na Erich von Stroheim, fim marar sauti na 1924, tsofaffin aminai biyu sun yi faɗa kan zinari a hamadar Death Valley. Ɗaya ya kashe ɗaya, amma kafin ransa ya fita ya maƙala ankwa a hannun wanda ya kashe shi. Ga zinari, babu ruwa, ga gawa ɗaure da hannu.

Sai dai dabarar na da wani haɗari da ba na so mu tsallake. Sarƙa nauyinta ɗaya a hannu biyun, don haka tana sa mai kallo ya ɗauka laifin mutanen biyu ma ɗaya ne. A ƙarshen fim ɗin Kramer, Cullen ya samu ya ɗane jirgin ƙasa, ya miƙo hannu, Joker mai rauni ya kasa hawa, suka ƙare a ƙasa su biyun har hukuma ta cim musu. Fim ɗin ya ci lambar Oscar biyu, Poitier ya zama baƙar fata na farko da ya shiga takarar gwarzon jarumi namiji. Amma marubuci James Baldwin ya ba da labarin cewa yayin da fararen fata ke tafi, 'yan kallo a unguwar baƙaƙe ta Harlem ihu suka yi wa Cullen ya koma cikin jirgi.

Ina ganin suna da hujja mai ƙarfi. Ƙiyayyar Joker gado ce ta raini, fushin Cullen kuwa martani ne ga zalunci, kuma kurkukun da za a mayar da su ba iri ɗaya zai karɓe su ba. Na yarda Joker ya canza, fim ɗin ya nuna min hakan a fili. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne a ce Cullen ne zai biya kuɗin wannan canjin da 'yancinsa.