Ɓawon Ƙasar da Muke Takawa Rai Gare Shi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa ratsa saura da rani ya ga wani baƙi-baƙin ɓawo shimfiɗe a fuskar ƙasa, kamar ƙanzon tukunya. Yawancinmu fako muke ce masa, mu wuce. To ba fako ba ne. Fako ƙasa ce da ruwa ya daddaɓe har ta ƙi shuka, wannan kuwa rai gare shi. In da buta a hannunka, yayyafa masa ruwa ka ɗan dakata, za ka ga ya yi duhu, ya soma juyawa kore-kore. Ɓanɓaro ɗan guntu da farce ka ɗaga, ga ƙwayoyin yashi nan suna reto a ƙarƙashinsa, maƙale da wasu zaruruwa da suka fi gashi siranta.

Zaruruwan nan halittu ne da masana ke kira sayanobakteriya, suna zaune tare da gansakuka da danginta a ɓawon da sau da yawa kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba. Su ke ɗaure yashi kada iska ta kwashe. Wasunsu kuma suna jawo naitrojin daga iska su ajiye a ƙasa, sinadarin nan da manomi ke zuba kuɗi ya saya a buhun yuriya. Wani masani ɗan Nijar, Oumarou Malam Issa, ya yi nazarinsu a dajin yammacin ƙasarsa tun shekarun 1990, saboda haka ba labarin wata uwa duniya nake ba ku ba.

Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa irin wannan ɓawo ya rufe kusan kashi 12 cikin 100 na tudun duniya, kuma kashi 25 zuwa 40 cikin 100 nasa na iya ɓacewa cikin shekara 65, saboda sauyin yanayi da yadda ake cin ƙasa ba hutu. A 2022 aka sake lissafi, aka ce yana hana ƙura kimanin tan miliyan 700 tashi sama duk shekara. Mu da muke shaƙar hazon hunturu har ƙirji ya yi nauyi, mun san abin da ake nufi da ƙarin ƙura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da aka yi kusa da garin Moab a jihar Utah ta Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2012. Masanan sun riƙa yi wa gansakukar hamada ɗan yayyafi a kai a kai cikin zafin bazara. Kowa zai zaci alheri aka yi mata, amma ba a daɗe ba kusan duk ta mutu. Dalili kuwa, in ta bushe barci take yi, ba ta kashe komai. Ruwa na taɓa ta sai ta farka, ta fara cin abincin da ta tara, kuma sai ta jima a jiƙe kafin ta mayar da abin da ta ci. In rana ta busar da ita nan take, ta yi asara ke nan, kamar ɗan kasuwar da ya kashe kuɗin mota, yana isa kasuwa ta watse. A maimaita masa haka sau goma, ina jari? Ashe ba ƙarancin ruwa kaɗai ke kisa ba, har da yadda yake sauka.

Sai kuma ƙafa da kofato da tayar mota. Abin da aka murƙushe cikin daƙiƙa ɗaya kan ɗauki shekaru kafin ya dawo, inda fari ya yi tsanani ma gomman shekaru. A hoton tauraron ɗan adam, iyakar Masar da Isra'ila a fili take: ɓangaren Sinai na Masar da dabbobi ke tattakawa ya yi fari fat, na Negev a Isra'ila ya yi duhu saboda ɓawonsa na nan. Ba makiyayi nake ɗora wa laifi ba. An cinye masa burtali, manomi kuma ba shi da filin da zai bari ya huta, sai kowa ya taru a ɗan abin da ya rage.

Gyara na yiwuwa. A Shapotou, bakin hamadar Tengger ta ƙasar Sin, tun shekarun 1950 aka riƙa kafa karmami cikin yashi gida-gida kamar allon dara, don kare layin dogon Baotou zuwa Lanzhou. Da yashin ya tsaya, ɓawon ya zo da kansa, ciyawa ta samu wurin kamawa. Kara da karmami ba su ne suka yi mana wuya ba. Ina roƙon masu aikin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dashen itatuwa a yankin Sahel don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, in sun je ƙirga itatuwan da suka kama, su sunkuya su duba ƙasar da ke tsakaninsu, su kuma keɓe wa motocinsu hanya ɗaya tak a cikin filin dashen.