Sharhi: A auna ƙarfin kuran, a rubuta, a faɗa wa jama'a

Jama'a masu saurare, barkanmu da wannan lokaci.

Duk mai kontar a gida ko a shago cikin garin Maraɗi ya san rashin wuta iri biyu ne. Akwai wanda kowa ke gani: an ɗauke, unguwa ta yi duhu, masu gurup su tada, sauran su fito ƙofar gida da tabarma. Akwai kuma wanda ya fi cin dukiya a ɓoye. Kuran yana nan, kontar tana ƙirga kuɗi, amma ba shi da ƙarfi. Ampul ta yi ja, banti yana juyawa da ƙyar, firigo ya yi gurnani ya tsaya, ya sake yunƙurawa ya sake tsayawa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da kuma daren azumi bayan shan ruwa, wannan ita ce hirar masu shaguna. Na farkon ana iya ƙirga awoyinsa. Na biyun kuwa, in ka je kai kuka, ba ka da abin nunawa sai ƙonannen inji. A kan wannan muke magana yau.

Ƙarfin kuran yana da lamba, kuma lambar ba ɓoyayya ba ce. Ka juya bayan firigonka ko talabijin, za ka ga an rubuta bolt 220 ko 230. Ma'aunin da ƙasashe da dama suka amince da shi ya ce 230 ne, ana yafe kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato daga 207 zuwa 253. A Turai sun ma fayyace yadda za a auna: a ɗora na'ura mako guda cur, a riƙa ɗaukar matsakaicin ƙarfin kowane minti 10, kuma 95 cikin kowane awo 100 dole su faɗo cikin waccan iyakar. A ina ake awon? A daidai inda waya ta shiga wurin mai biyan kuɗin wuta. Wannan shi ne wurin da ya dame mu.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wuta mai yawa ce kaɗai ke ƙona kaya. Ku je wurin masu naɗin wayar inji ku tambaya. A bakin shagonsu za ku tarar da tulin jan ƙarfe da ya koma baƙi ƙirin, da warin ƙonannen fenti da ba ya barin hanci, da injunan famfo da na niƙa jere suna jiran layi. Dalilin kuwa mai sauƙin ganewa ne. Injin da ke jan ruwa ko niƙa hatsi aikinsa ba ya raguwa don kuran ya yi rauni. Sai ya rama ta hanyar zuƙar kuran fiye da ƙima. In ƙarfi ya sauka da kashi 10 cikin ɗari, abin da yake zuƙa ya ƙaru da kusan haka, zafin da wayarsa ke sha kuwa ya haura da fiye da kashi 20. Yau ya jure, gobe ya jure, jibi rufin wayar ya narke. Haka firigo: in ƙarfin bai kai ya tada injinsa ba, sai ya tsaya cik yana shan wuta yana zafi. Mai sayar da ƙanƙara da lemo, da mai walda, da manomin rani a Jiratawa wanda famfon lantarki ke ɗago masa ruwa daga rijiya, da ma'aikaciyar likita mai ajiyar allurar rigakafi a sanyi, duk lamba ɗaya ce ke riƙe da su.

Akwai kuma ɗaya gefen. In wayar da kuran ke komawa ta cikinta, wadda ma'aikata ke kira nitir, ta tsinke ko ta kwance a kan poto, gidan da ya kamata ya samu 230 yana iya samun abin da ya doshi 400. Cikin ƙiftawar ido layi guda ya rasa talabijin da caja da duk abin da ke jone.

Me ya sa abin ya fi tsanani a wajenmu? Babban layin da ke ciyar da mu, mai bolt dubu 132, daga Katsina ya taso, ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Ke nan muna can wutsiyar layukan wata ƙasa. Duk wanda gidansa ke ƙarshen bututun famfo ya san yadda abin yake: da safe in kowa ya buɗe, na kusa da tanki ya cika duro, shi kuwa sai ɗigo. Haka dogon layi yake zubar da ƙarfi a hanya, kuma yawan masu ja, yawan zubewar. In ka shigo cikin gari kuma sai wasu dalilan su ƙaru. Taransfon da aka kafa don gidaje kaɗan yau unguwa guda ce a kansa. Sababbin unguwanni sun miƙe nesa, an bi su da siririyar waya poto bayan poto. Ban da nitir, wayoyi uku ne ke fita daga taransfo, amma sai ka tarar an jibga wa ɗaya kaya, sauran biyun suna hutawa.

Sai kuma abin da muke yi da hannunmu don kare kai. Wanda ya samu hali ya sayi regilatar, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma regilatar ba ta ƙirƙirar ƙarfi. In ta ɗaga maka 180 zuwa 220, ƙarin kuran take zuƙowa daga wayar unguwa, ƙarfin maƙwabcinka ya ƙara sauka. Shi ma ya saya. A ƙarshe wanda ke shan wahalar duka shi ne wanda ba shi da kuɗin sayenta.

Tun watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse mana wuta, har zuwa Maris na 2024 da aka maido, hankalin kowa ya koma kan megawat: nawa muke samarwa da kanmu, yaushe za mu daina dogaro da waje. Wannan magana ce mai kyau, kuma mun goyi bayanta. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, ana kuma jiran madatsar Kandaji. Sai dai ƙarin megawat ba shi kaɗai ke gyara wutar da ke isa shagon tela a ƙarshen unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo ba. Ana iya ninka abin da ake samarwa, taransfon unguwa yana nan yadda yake. Hasken rana kuma, in ba a haɗa shi da batura ba, ba ya nan da ƙarfe takwas na dare, lokacin da kowa ke kunna nasa.

Nan ne aikin hukuma ya shigo. Nijar tana da hukumar sa ido kan harkar makamashi, ARSE, wadda doka ta kafa a 2015, ta kuma yi kundin dokar lantarki a 2016. Kamfanin wuta na ƙasa, NIGELEC, ke kai wuta, ARSE ke duba yadda ake kai ta, da farashinta, da haƙƙin masu saye. Mai sa ido kuwa ba ya gani sai da takarda. In ba a wajabta wa mai rarraba wuta ya auna, ya rubuta, ya miƙa a kan lokaci ba, to hukuma labari kawai za ta riƙa ji, kamar yadda mu ma muke ji.

Ƙasashen da suka tsananta wannan doka, wuya ce ta koya musu. Ranar 14 ga Agustan 2003 wuta ta ɗauke wa mutum kusan miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da yankin Ontariyo na Kanada. Bincike ya nuna abin ya faro ne daga jihar Ohayo: layuka sun yi zafi sun sauko sun taɓa itatuwa, na'urar gargaɗi a ɗakin kula da layukan ta daina aiki, ƙarfin wuta yana ta sauka, maƙwabta ba su san halin da ake ciki ba sai da ya ci su. Kafin nan, bin ƙa'idojin ganin dama ne. A 2005 majalisar Amurka ta mai da su tilas, da tara mai iya kaiwa dala miliyan ɗaya a kowace rana. Cikin ƙa'idojin akwai wata ƴar ƙarama da nake so ku riƙe: in na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta a wata tasha ta daina aiki da kanta, mai tashar yana da minti 30 ya sanar da masu kula da babban layi. Minti 30, saboda sun gane ƙarfin wuta ba ya jiran rahoton ƙarshen shekara.

Ba ma sai mun je nesa ba. Hukumar lantarki ta Najeriya, NERC, tana fitar da rahoto duk wata uku, kowa na iya karantawa a intanet. A ciki ana faɗin iyakar da doka ta sa wa manyan layuka masu bolt dubu 330, wato kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, ana faɗin abin da aka auna, da sau nawa layukan ƙasar suka durƙushe. Sau da yawa rahoton da kansa yana nuna an ƙetare iyakar. Wallafa shi bai hana durƙushewar ba, gaskiya ce. Amma ɗan jarida da ɗan majalisa da mai masana'anta suna da lambar da za su ɗaga su yi tambaya. Mu da wutarmu ke fitowa daga waɗancan layuka, rahoton ya shafe mu kai tsaye.

To mu me muke nema a nan? A auna a Gazawa da babbar tashar Maraɗi, wannan ma'aikata suna yi a bakin aikinsu. Abin da muke so a ƙara shi ne awon ƙarshen layi. A ɗora na'urar da ke rubutawa dare da rana a kan taransfon unguwa da kuma poton ƙarshe, a riƙa zagayawa da ita unguwa unguwa in ba za ta ishi ko'ina ba. Sakamakon ya je hannun ARSE duk wata, jama'a kuma su ji shi duk wata uku. Kada a dunƙule shi a ce matsakaicin jihar Maraɗi kaza ne, domin matsakaici yana ɓoye mai shan wahala: in aka haɗa awon asuba da na bayan isha'i aka raba, lamba za ta fito tsaf alhali injuna suna ƙonewa. A faɗi sunan unguwa, da awa nawa ta yi ƙasa da 207, da mafi ƙarancin abin da aka gani, da ranar da za a gyara. In nitir ta tsinke ta ƙona kayan mutane, a rubuta abin da ya faru cikin ƴan kwanaki, tun shaidu ba su watse ba, a kuma fayyace wanda zai biya. Hukuma ta riƙa aiko nata ma'aikatan da tasu na'urar lokaci lokaci su gwada, don kada mai jarrabawa ya zama shi ne mai gyaran takardarsa. Sa'annan a kawo rahoton gidajen rediyo a karanta shi da Hausa. Takardar Faransanci da ke cikin durowa a Yamai ba ta isa kunnen mai niƙa a Tibiri ba.

Na san abin da wasu za su ce: kuɗin da za a kashe a awo, gara a sayi taransfo. Amma taransfon, ina za a kafa shi? In babu awo, yana tafiya ne inda aka fi ƙara, ko inda wani babba yake zaune. In akwai awo, yana tafiya inda lamba ta fi muni. Kuma ba kowace matsala ke son sabon taransfo ba. Wata a daidaita nauyi tsakanin wayoyin nan uku ne kawai. Wata a ɗaga ƙarfin da taransfon da ke nan yake fitarwa. Wata a canza siririyar waya da mai kauri, ko a ɗaure mahaɗin da ya kwance yake zafi. Na'urar awo ba ta kai kuɗin taransfo ko kusa ba, kuma ita ce ke nuna wanne daga cikin waɗannan ake bukata. Ma'aikacin da ke hawa poto cikin rana ya san inda ciwon yake tun tuni. Rubutaccen awo shi ne zai ba shi bakin magana gaban shugabanninsa, ya kuma ba kamfanin hujja gaban masu ba da bashin gina layuka, waɗanda ba sa sakin kuɗi sai sun ga lamba.

Kada kuma a ji tsoron cewa rahoton farko zai yi muni. Zai iya yin muni. A karɓe shi a haka, a sa wa kowace shekara abin da za a rage, tara ta biyo baya ga wanda ya ƙi aunawa ko ya ɓoye, kafin ta kai ga wanda ya auna ya faɗi gaskiya.

Mu masu saye ma da namu. Wanda ya nemi kontar don ampul huɗu da banti, daga baya ya jona kilim biyu da injin walda bai sanar ba, ya ɗora wa taransfo kayan da ba a lissafa da shi ba. Wanda ya ja waya ta bayan katanga ya ba gida biyar, haka. Masu manyan injuna, masana'antu da masu ƙanƙara, ya kamata a wajabta musu faɗin nauyin da suke ja, su kuma sa na'urorin da ke rage wa layi wahalar injunansu. Lissafin da rabinsa ɓoyayye ne ba zai fito daidai ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da kowace unguwa za ta iya farawa. Yawancin regilatar suna nuna lambar da ke shigowa, masu gyaran wuta kuma suna da abin awo a jakarsu. A samu littafi guda a shagon da ke ƙarshen layi, a riƙa rubuta rana da lokaci da lamba, safe da rana da bayan isha'i. In mako biyu ya cika, mai unguwa ya sa hannu, a kai kofi ɗaya ofishin kamfani, ɗaya a aika wa ARSE, ɗaya a ajiye. Ƙungiyoyin kare masu saye da na ƴan kasuwa su tattara na unguwanni su haɗa. A fara tun cikin sanyi, don a samu abin da za a gwada da shi in zafin Afrilu ya zo.

Wassalamu alaikum.