Malam ya turo babban yatsa: ya yarda ne, ko gani kawai ya yi?

(Allon waya, saƙon WhatsApp)

Ku dubi irin saƙon da ɗalibai ke ta muhawara a kai a Katsina. Ɗaliba ta rubuta: "Malam, barka da yamma. Mahaifiyata na asibiti, don Allah a ƙara mini kwana biyu kafin in kawo aikina." Malam ya turo 👍. Ko kalma ɗaya babu.

(Tsofaffin zanuka na wucewa)

Daga Japan waɗannan 'yan hotuna da ake kira emoji suka fito. A 1999 Shigetaka Kurita ya zana guda 176, a 2010 emoji suka shiga Unicode, wato tsarin haruffa na bai ɗaya da wayoyi da kwamfutoci ke amfani da shi, yau ga su a kowace Tecno da iPhone.

(A koma kan saƙon, a tsaya)

To, a nan ake samun saɓani. Ɗalibi ba ya ganin fuskar malami a rubutu, don haka duk alamar da ta zo, ita yake ɗauka a matsayin fuskar. Ya ga murmushi, sai ya ce Malam na da sauƙin kai, har ya samu ƙarfin halin yin tambaya. Ni ina son wannan, wallahi. Amma babban yatsa fa? Malam na sauri zai shiga aji, saƙonni sun taru, ya danna da nufin "na gani". Ita kuwa "na amince" ta karanta. Ranar da ta kawo aikin a ce ta makara. Ita tana ganin an yaudare ta, shi yana ganin ta raina shi.

Kada ku ce ƙaramin abu ne. A 2021, a lardin Saskatchewan na Kanada, wani manomi ya amsa hoton kwangila da wannan yatsa. A 2023 kotu ta ce ya amince, ta ci shi diyyar sama da dalar Kanada 82,000.

(Ɗalibai na fitowa daga aji)

A ganina nauyin na kan malami. Yaron da ya tashi a Katsina ko Daura zai ji nauyin ce wa babba "me kake nufi?" Malam, rubuta "Na yarda, kawo ranar Alhamis", sannan ka ƙara murmushin.

Ke kuma, idan yatsa kaɗai ya zo, sake rubutawa cikin ladabi: "Na gode, Malam. Ke nan in kawo ranar Alhamis?"