Tseren Safiya: Me Ya Sa Mai Keke Ba Ya Son a Wuce Shi?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wannan hoton da kuke gani da safe muka ɗauke shi, wajen ƙarfe bakwai da ƴan mintoci, a kan gudron da ke shigowa Damagaram daga wajen Mirriya. Ku bar kallon motoci da ƴan kabu-kabu tukuna, ku sa ido a kan kekunan nan biyu. Na gaba ɗan lakwal ne, jakarsa ɗaure a kariya, yana tafiyarsa a natse. Na baya magidanci ne, da alama kasuwar Dole ya nufa. Ga shi ya matso, ya karkata hagu, ya wuce. To yanzu ku kalli ƙafar yaron. Kun gani? Ya tashi daga kan sirdi, ya duƙa, ya hau taka feda da iya ƙarfinsa. Ba su san juna ba, ko sallama ba su yi ba, amma tsere ya kankama.

Duk wanda ya taɓa hawa keke a garin nan ya san abin da yaron ya ji. Kana tafiyarka lafiya lau, sai ka ji ƙarar sarƙa a bayanka, sai ka ga tayar wani ta leƙo ta gefen idonka, nan take wani abu ya tsaya maka a ƙirji. In wanda ya wuce ka ya girme ka, zuciya ta ce tsoho ne fa. In ƙaninka ne a shekaru, ta ce wannan yaron ne zai sha gabanka? In kuwa kekensa ya fi naka tsufa, yana ƙara kamar zai wargaje, to nan ne abin ya fi ciwo.

Ba a kanmu aka fara ba. A shekarar 1898 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a jami'ar Indiyana ta Amurka, mai suna Norman Triplett, ya zauna ya duba sakamakon gasar keke, sai ya lura cewa mutum ya fi gudu in akwai wani a gabansa ko a gefensa a kan in shi kaɗai ne da agogo. Ya tara yara ya sa su naɗe zare a kan abin naɗin fatsa, wani lokaci kowa shi kaɗai, wani lokaci biyu-biyu, da yawa daga cikinsu suka ƙara sauri da suka ga wani na yi a gefensu. Ke nan ganin abokin tafiya kaɗai yana fito da ƙarfin da mutum bai san yana da shi ba. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Mu da muke cika filin Langa-Langa in ana kokowa, mu da muke tsayawa cikin rana don kallon sukuwar dawaki ranar hawan salla, mun san daɗin gasa. Amma ɗan kokowa yana da fili, da alƙali, da yashi mai laushi da zai faɗa a kai. Mai keke a bakin gudron ba shi da ko ɗaya.

Akwai kuma dalilin da ya sa tseren nan ba ya ƙarewa da wuri, kuma dalilin iska ce. Mai keke yana kokowa da iska koyaushe, ko da ba ta kaɗawa, domin shi ne ke keta ta da ƙirjinsa. Wanda ke gaba shi ke fasa ta, na baya kuma yana laɓe a inuwarsa. Ƴan gasar Tour de France, babban tseren keke na Faransa da ake yi tun 1903, da haka suke rayuwa: wanda ya manne a bayan wani a cikin gudu mai ƙarfi yana rage wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ko ma ɗaya cikin uku, na ƙarfin da zai kashe. A gudunmu na cikin gari ragin bai kai haka ba, amma lokacin hunturu, in iska na busowa daga gabas maso arewa kana fuskantarta, za ka ji bambancin a cinyarka. To ka ga yadda abin ke juyawa. Ka wuce mutum, ka zama garkuwarsa. Shi yana hutawa a bayanka, kai kana haki. Bayan ɗan lokaci ya ga ka sassauta, sai ya ɗauka ya fi ka ƙarfi, ya fito ya wuce. Yanzu kai ne a inuwa, numfashinka ya dawo, ka sake fitowa. Haka za ku yi ta karɓa-karɓa har ƙofar Birni, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ke tsokanarsa.

Mu yi ɗan lissafi a kan allo. A ce tsakanin gidanku da inda kake zuwa kilomita 4 ne. In kana tafiyar kilomita 15 a awa, minti 16 za ka yi. In ka ƙure, ka kai kilomita 20 a awa, minti 12. Ribar minti 4 ke nan, shi ma in hanya ta zama taka kai kaɗai, babu shataletale, babu garken awaki, babu amalanken da ya tare gaba. Amma ƙarfin da za ka kashe wajen keta iska kaɗai ya ninka fiye da sau biyu, domin nauyin iska yana hauhawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, minti huɗun nan za ka biya su da riga jiƙe sharkaf, ka zauna a aji ko a shago kana neman ruwa.

Sai dai ba zufar ce ta sa na haɗa wannan bidiyon ba. Ga abin da nake so kowa ya riƙe, kuma zan yi shi a hankali.

A ƙasarmu ana bin dama ne, ana wucewa ta hagu. Mai keke da zai wuce wani dole ya bar gefen hanya ya shiga wajen da motoci da babura ke bi. Tambayar ita ce, tsawon wane lokaci zai yi a can? Keke ya kusa mita 2. Kafin ka tashi daga bayan mutum ka dawo gabansa ka koma gefe lafiya, sai ka ci masa wajen mita 8. In yana tafiyar 15 kana tafiyar 20, daƙiƙa 6 sun ishe ka, cikin mita 30 da ɗoriya ka gama ka koma hannunka. Amma in zuciya ta ɗebe shi ya taka ya kai 19, tazarar da ke tsakaninku ta koma kilomita 1 a awa kacal. Yanzu mita takwas ɗin nan za su ci maka kusan rabin minti, kuma za ku yi mita 160 kafaɗa da kafaɗa, tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi. Duk wannan tafiyar kana tsakiyar hanya, ɗan kabu-kabu na danna maka oda, babbar mota na tahowa daga gaba, kai kuma idonka na kan tayar abokin tserenka maimakon hanya.

Shi ya sa a ganina wucewa ba ita ce matsalar ba. Dole wani ya wuce wani, tunda mai buhun gawayi biyu a kariya ba zai yi tafiyar ɗan lise mai sabon keke ba. Wanda ya ƙi yarda a wuce shi, shi ne ke riƙe ɗan'uwansa a bakin hatsari, kuma yawanci bai san yana yi ba.

Ku dubi gefen hanyar nan da kyau. Yashi ne ya hau kan kwalta, kusan taku biyu. Kowa a Damagaram ya san shi, iska ke kawo shi, ruwan damina ya ƙara tara shi. In kekuna biyu suka jera, na dama shi ake matsawa cikin yashin, kuma tayar gaba in ta shiga yashi da gudu sai ta ƙwace kan keke daga hannunka. In ka damƙe birkin gaba a wurin, ƙasa za ka sha. Ga kuma ƙa'idar da ba ta canzawa: in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ya ninka huɗu. Kafin ma hannunka ya kai ga birkin, daƙiƙa ɗaya ta wuce, a gudun 20 kuwa daƙiƙa ɗaya ta fi mita 5. Ɗan ga-ruwa da ya turo kurarsa daga lungu bai san ana tsere ba.

Ni kaina na gani a jikina, kuma har yau abin na damuna. Ina ɗan saurayi, wata safiya ina fitowa daga Zango, wani bawan Allah ya zo zai wuce ni, da tiren burodi a ɗaure a bayansa. Na ƙi. Ya ƙara, na ƙara. Mun jera haka muna tafiya, sai ga mota ta fito daga gaba, ya rasa inda zai shiga, ya yanko dama, ƙarshen kan kekensa ya taɓa nawa. Ni na faɗa cikin yashi na kurje gwiwa. Shi ya faɗi a kan kwalta, tafin hannunsa ya yage, burodin ya watse ko'ina, tayar motar ta bi ta kan wasu. Mutumin a haife ya haife ni. Ya tashi yana tsince burodin ɗaya-ɗaya yana hure ƙurar da bakinsa, jini na ɗiga a kan tiren, bai ce mini uffan ba.

Wani dattijo mai faci da ke bakin hanyar ne ya kama kekunan ya kai rumfarsa. Yana miƙe mini gargaren gaba, sai ya ce, "Ɗana, da ka ɗaga ƙafa sau biyu kawai, da yanzu yana kasuwa." Na ce, "Baba, ai shi ya matse ni." Ya ce, "Kai ka rufe masa ƙofa, ta ina kake so ya koma?" Sai daga baya, da na iya lissafin da na nuna muku, na gane daidai ya faɗa: ɗaga ƙafa sau biyu shi ne bambancin daƙiƙa shida da rabin minti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A Faransa doka ta tilasta wa direba ya bar mita 1 tsakaninsa da mai keke a cikin gari, mita 1 da rabi a bayan gari. Mu nan garin da Hanyar Haɗin Kai ta ratsa, ga manyan motocin Agadas da na Kano, ga tankokin mai tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011, tazarar da za ka samu ita ce wadda ka ba kanka. Direban tirela akwai wuraren da ba ya gani sam, musamman gefen damansa da dab da gabansa. Kada gasa da wani mai keke ta kai ka kutsawa tsakanin tirela da bakin hanya, ko da a tsaye take.

In kai ne za ka wuce, waiwaya tukuna, ainihin waiwaye da wuya, kada ka dogara da kunne. Kaɗa ƙararrawa, in babu ka ce "gafara", ko ka yi sallama, wadda ita ce ma ta fi, don da wuya mutum ya amsa maka sallama sannan ya hau tsere da kai. Bi ta hagu, bar tazarar da ko ya kauce wa rami ba zai same ka ba, kuma kada ka yanko gabansa da wuri. In ka ga tazarar gudunku ba ta da yawa, zauna a bayansa abinka, amma ba manne da tayarsa ba. A bakin mahaɗa da shataletale da ƙofar kasuwa kuwa a haƙura gaba ɗaya.

Ga ƙannena ƴan lakwal da jini ke tafasa, ban ce ku daina gwada ƙarfi ba. Ku haɗu ranar Lahadi da sassafe, ku nemi hanyar da babu cunkoso, ku sa babba ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, ku gwada birki kafin ku fara, ku ga wa zai riga. Wannan gasa ce da kowa ya yarda ya shiga. Mai burodi da ke sauri ya kai kaya kafin masu shayi su tashi bai shiga da ku ba.

Mu koma kan hotonmu na farko. Mun bi su da kyamara har shataletalen gaba. Yaron ya kamo magidancin, sun jera, sai ga amalanken shanu ɗauke da jarkokin ruwa ya tare rabin hanya. Ku duba nan, magidancin ne ya saki feda, ya koma bayan yaron, ya bar shi ya wuce. Dukansu sun tsaya a bayan mota ɗaya suna jiran hanya, ƙafa a ƙasa, tazarar taya guda tsakaninsu. Yaron na share gumi da hannun riga, shi kuma yana gyara igiyar kayansa.