Rijiyar Kusugu da Sallar Gani a Daura

Jama'a, assalamu alaikum. Maganarmu ta yau a kan Daura ce, da labarin da yake jawo mata baƙi duk shekara a watan Rabi'ul Awwal, lokacin Sallar Gani.

Kamar yadda aka gada daga bakin magabata, Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Borno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura cikin dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa, sai ta ce masa ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, saboda macijin da ake kira Sarki ya hana. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, kuma a sakamakon haka Magajiya Daurama, sarauniyar garin, ta aure shi, suka haifi Bawo, wanda 'ya'yansa shida, tare da Biram, ɗan da Bayajidda ya haifa da matarsa ta Borno, suka zama Hausa Bakwai.

Masana tarihi, irin su Farfesa Abdullahi Smith, sun nuna cewa Hausawa suna zaune a ƙasarsu tun kafin zamanin da ake jingina wa wannan baƙo, kuma ina tare da su. Sai dai wannan bai rage wa labarin daraja ba, domin abin da yake adanawa shi ne yadda mulki ya tashi daga hannun sarakuna mata ya koma hannun maza, da kuma yadda ikon gari yake rataye a wuyan wanda ya mallaki ruwan sha.

A nan ne nake ganin ana tauye baƙon da ya zo Sallar Gani. Yakan kalli hawan Sarkin Daura, dawakai sun sha ado, dogarai cikin ja da kore, algaita tana tashi. Daga nan a kai shi ɗakin da aka gina a kan rijiyar, a zura guga a ba shi ruwan ya kurɓa, wani ma ya cika gora ya kai tsaraba gida. Amma abin da ake gaya masa bai wuce kisan maciji ba. Da wuya a ambaci jerin magajiyoyin da suka mulki Daura kafin Daurama, alhali kuwa ita ce ta ƙarshensu. Ya kamata masarauta ta horar da matasan da suke zagayawa da baƙi, su san sunayen waɗannan mata, su kuma iya bambanta wa mai tambaya abin da yake ruwayar baka da abin da bincike ya tabbatar.