Yadda Ake Gane Tsohuwar Amfilifayar Jita Mai Kwalba: Laccar da Aka Yi wa Masu Gyaran Rediyo a Tudun Wada

Assalamu alaikum. Iyayenmu a sana'a, abokan aiki, da ku yaran shago da ke can baya, barkanku da zuwa. Ku matso kusa, amma kada kowa ya sa hannu a bayan akwatin nan sai na ba shi izini.

Wannan da ke kan tebur amfilifayar jita ce, wato akwatin ƙara wa jita murya. Wani mai kiɗa daga Sabon Tasha ya tsinto ta cikin kayan gwanjo a Panteka, ya kawo a duba masa. A fuskarta an rubuta Fender Deluxe Reverb. To, sunan da ke fuska ba shaida ba ce. Ana sayar da farantin sunan nan sabo fil, kuma kamfanin Fender da kansa ya sake ƙera irinta tun shekarun 1990 da kamanni iri ɗaya. Mai son gaskiyar amfilifaya sai ya juya ta baya.

Dattawanmu sun san kwalba, wato gilashin nan mai kama da kwan fitila da ke ƙara ƙarfin murya, wadda wasu ke kira bawul. Lokacin da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, manyan akwatunan rediyo na gidaje da ita suke aiki, sai ka kunna ka jira ta ɗau zafi kafin murya ta fito. Taransisto ya zo ya kore ta daga rediyo da talabijin, amma masu jita suka ƙi rabuwa da ita. Dalilinsu kuwa, idan aka matsa wa kwalba fiye da ƙarfinta, muryarta kan dushe a hankali, da daɗin ji. Taransisto idan ya kai iyaka, tsagewa yake yi.

Fara da launi, shi ne mafi sauƙi. Fender na shekarun 1950 rigar yadi ce ruwan ƙasa-ƙasa. Baƙar fuska daga 1963 zuwa 1967. Daga 1968 fuskar ta koma ruwan azurfa. Tamu baƙa ce. A ƙasan sunan akwai ƙananan haruffa: Fender Musical Instruments. Kamfanin CBS ya sayi Fender a Janairun 1965, kuma a cikin shekarar ne rubutun ya canza daga Fender Electric Instrument. Ke nan idan fuskar ta asali ce, bayan cinikin aka yi ta.

Yanzu ku leƙa cikin katakon, ta gefe. Kun ga takardar da aka manna, mai zanen inda kowace kwalba ke zama? Akwai hatimin haruffa biyu a kanta. Na farko shekara, na biyu wata. O ita ce 1965, P 1966, Q 1967. A wata kuma A Janairu, B Fabrairu, har zuwa L Disamba. Tamu OJ ce, Oktoban 1965. Takardar kuma ta ce AB763, sunan tsarin wayoyin ciki ke nan.

Amma takarda ma ana buga ta, don haka ni shaidar da na fi yarda da ita taransifoma ce. Masana'antun Amurka na wancan zamani kowace tana da lambarta da take bugawa a jikin kaya. 606 ta Schumacher ce, masu naɗa wa Fender taransifoma. 220 Jensen, 465 Oxford, duka masu sifika. 137 CTS, su ke yin abin murɗa ƙara. Bayan lambar masana'anta sai ƙarshen shekara, sai mako. A taransifomar fitar da murya ta nan an buga 606-5-36, mako na 36 ke nan. Biyar ɗin tana iya zama 1955 ko 1965 ko 1975, sai ka haɗa da sauran shaidu. A 1955 ba a fara yin Deluxe Reverb ba, a 1975 kuma fuskar azurfa ce. Mako na 36 farkon Satumba ne, aka haɗa akwatin a Oktoba. Lissafi ya zauna. Da za ka ga kayan ciki sun zo bayan ranar hatimin, to wani ya riga ka shiga.

Sifikar kam ba tata ba ce, wani ya cusa ta rediyon mota mai inci 12. Allah Ya yafe masa.

Idan an zaro shasi, ta asali za ka ga baƙin allo mai ƙananan idanun ƙarfe, an ɗaure kowace waya da dalma da hannu. Sabuwar ƙira koren allo ne irin na talabijin. Baƙin allon nan yana da ciwonsa a garin nan: da damina yakan sha danshi ya riƙa tsiyayar wuta, sai ka ji ƙaiƙayi da fashe-fashe a sifika ka ɗora wa kwalba laifi. Da hunturu kuma ƙura ce ke cika ramukan kwalabe.

Ku saurara da kyau a nan, musamman yara. Manyan kafasita na ciki suna riƙe bolt sama da 400, kuma suna iya riƙe shi bayan an zare waya daga soket. A sauke wutar ta hanyar resisto, a auna da mita, sannan a taɓa. Na biyu, an yi ta ne don wutar Amurka, kimanin bolt 117, tamu kuwa 230 ce. Ba ta shiga bango sai da taransifomar rage wuta, kuma da yadda wutarmu ke hawa da sauka, ni ina ƙara sitabilaiza. Na uku, kada a kunna ta babu sifika a jone, nan take taransifomar fitar da murya ke iya ƙonewa. Wayar wutarta mai ƙafa biyu ce, da wata kafasita da ke jone da jikin shasi. In kafasitar ta lalace, igiyar jita ce za ta ja mutum. A cire ta, a sa waya mai ƙafa uku.

Kwalabenta tara ne: 12AX7 huɗu, 12AT7 biyu, 6V6 biyu masu ƙarfin murya, da GZ34 mai juya wutar AC zuwa DC. Ku duba tabon azurfan da ke jikin gilashin. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, kwalbar ta mutu. Har yanzu ana ƙera sababbi a Rasha da Sulobakiya da Sin, ba abin tashin hankali ba ne.

Muryar fa? Wat 22 ce kawai. Daga 2 zuwa 4 a abin murɗawa, garau take, sama tana ƙyalli, tsakiya ta ɗan lafa, kuma amsa-kuwwar da sifirin ƙarfen da ke cikinta ke bayarwa ban ji na'urar zamani da ta kamo ta ba. Ka wuce 5 ta fara gurnani, abin da ma'abota ke biyan kuɗi dominsa ke nan. Ga situdiyo ko ƙaramin zaure, ba ta da ta biyu. Ga filin biki da ganguna da janareta kuwa, za a danne ta, sai an kafa mata makirfo.

Malam daga baya yana tambaya ko a sabunta kayan cikin duka a huta. A'a, Malam. Kafasitocin tace wuta sun cika shekara 60, su kam a canza, tare da resiston da ya ƙone. Shuɗayen kafasitocin da ke kan allo, in mita ba ta nuna suna yoyo ba, a bar su inda suke. Duk abin da ka cire ka ƙulle shi a leda ka miƙa wa mai kaya, domin ranar da zai sayar, mai saye zai tambaya. Yaro, miƙo min mitar nan mu sauke wutar tukuna, sai ku zo bibbiyu ku karanta lambobin da idonku.